Tide da wave ba abu ɗaya ba ne

Malam, kan tambayarka ko tide na nufin igiyar ruwa, a'a wallahi, igiyar ruwa wave ake ce mata, iska ce ke kaɗa ta. Shi tide cikowar teku ne da janyewarta, kusan sau 2 a rana, wata ne ke janyo ruwan, rana ma tana ɗan taimakawa. In ya ciko sai su ce high tide ko the tide is in, in ya janye kuma low tide ko the tide is out. A Bay of Fundy ta Kanada har mita 16 ruwan ke tashi fa! Ƴan jarida kuma suna son cewa the tide has turned, wato reshe ya juye da mujiya kenan, musamman a labarin zaɓe ko ƙwallo.