Amsa ga mai tambayar injin gogar jikin mota da sanfefa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya da daddare, cewa ka samu tsohuwar Golf 3 kana so ka riƙa gyaran jikinta da kanka ranakun Asabar da Lahadi, kuma kana neman shawara wane injin guga za ka saya da wace lambar sanfefa, har ka ce wani ya ce maka giranda ma ta wadatar. To wannan maganar girandar ce ta sa na ce sai na zauna na rubuto maka, don ni ta taɓa cina. Ni ba fanal bita ba ne, ma'aikaci ne, sha'awa ce kawai irin taka ta kai ni, amma na daɗe ina ɓata hannuna da ƙurar fila, wato abin nan da ake kwaɓawa a cike lotson jikin mota, a ƙofar gida nan Katsina, kuma yawancin abin da na sani a wajen wani dattijo na koya da ke da gareji can wajen Ƙofar Ƙaura.

Giranda dai ka bar ta wa aikinta, yankan ƙarfe da share walda da cire tsatsar da ta ci ta yi ɓawo. Ƙaramar nan mai faifan 115mm tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, kuma waje guda take juyawa, shi kuwa ƙarfen ƙofar mota ko milimita ɗaya bai cika ba. Ranar da na fara, na ɗaura mata faifan sanfefa na hau ƙofar direba ina jin daɗi fenti na tashi kamar gari, ban ankara ba sai na ga ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi a wuri biyu, na sa tafin hannu na ji zafi rau, da ya huce sai tsakiyar ƙofar ya lotsa, in ka danna ya yi ɓas ya shiga in ka saki ya dawo kamar murfin gwangwanin madara. Da na kai wa Baba, dattijon nan mai gareji, ya shafa ƙofar ya dube ni ya ce, yaro kai da ka zo gyara ƙaramin lotso ga shi ka haifo mashi uwa. Filar da ƙofar nan ta sha ba a magana.

Abin da kake buƙata shi ne injin nan mai zagayayyen faifai da ke juyawa kuma yana karkarwa a lokaci guda, masu fenti na ce mashi DA, a jikin kwali za ka ga an rubuta random orbital. Amfaninsa ƙwayar sanfefar ba ta bin layi ɗaya sau biyu, shi ya sa ba ya bar maka zanen da'ira kuma ba ya ƙona ƙarfe. Kada mai shago ya lallaɓe ka da mai bel, wannan na kafintoci ne, haka mai kusurwa huɗu ɗin nan da ke rawa kawai, zai yi amma sai ka tsufa a kan bonet ɗaya.

Akwai na iska akwai na wuta. Na iska ya fi sauƙi a hannu kuma shi manyan gareji ke riƙewa, sai dai shan iska gare shi ba kaɗan ba, ƙaramin kwamfuresa mai lita 24 ko 50 ɗin nan ba zai iya da shi ba, ka yi guga minti ɗaya ka tsaya jiran tanki ya cika, ga ƙara ta ishi maƙwabta. Don haka kai da za ka yi a gida sayi na wuta. Yawancinsu wat 250 zuwa 300 ne, ko ƙaramin janareta ya ɗauke shi, ka san halin wutar tamu ba sai na faɗa ba. Ni mai faifan 125mm nake da shi don sanfefarsa ta fi saurin samuwa, mai 150mm ya fi cin fili in ka samu kuma aljihu ya yarda. Makita da Bosch suna yi, Ingco da Total ma suna yi kuma sun fi araha, in aikin ƙarshen mako ne kowanne zai kai ka. Abin da zan ce ka dage a kai shi ne ya zama yana da wajen rage gudu, sannan faifan ya zama mai maƙalewa irin na ƙar-ƙar ɗin takalmin yara ba mai gam ba, kuma ka tambaya ko ana samun faifan canji don shi ke fara mutuwa. In ba ka samu a gari ba, duk mai zuwa Kano ka ba shi saƙo ya duba maka Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari.

Yanzu sanfefa, kuma wallahi nan ne aikin yake, ba a injin ba. Lambar da ke bayanta in ta yi ƙasa ta fi kaushi, in ta yi sama ta fi laushi. Ni da P80 nake cire tsohon fenti in kai ga ƙarfe a inda zan sa fila, don fila na son wuri mai kaushi ta kama. P40 tana da sauri amma zanen da take bari kamar an ja kaza a kan yashi, sai in fenti ya yi hawa uku huɗu nake taɓa ta. In fila ta bushe, da P80 ɗin zan fara fitar da siffa, in koma P120, sai P180, in bi gefen tsohon fentin da ita har ya zama in ka shafa ba ka jin gaɓa tsakanin fenti da ƙarfe. Sai P240 ko P320 kafin faraima, wato shafen farko da ake fesawa kafin fentin kala. Bayan faraima ta bushe P400 zuwa P600, in kuma kalar mai ƙyalli ce musamman silba to ka kai P800, don silba ba ta rufa wa kowa asiri, duk zanen da ka bari sai ta nuna shi da rana. Kada ka yi tsalle daga 80 zuwa 320 wai kana sauri, 320 ba ta iya goge ramin da 80 ta tona, faraima za ta rufe shi ka ga kamar ya tafi, bayan sati biyu uku in fenti ya gama tsotsewa sai ga layukan sun fito ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma lura da harafin P ɗin nan, ma'aunin Turai ne, na Amurka babu P kuma a lambobin sama ba su zo ɗaya ba, P1200 kusan 600 ce a nasu.

Wani kuskuren da na ga har wasu masu gareji na yi, guga fila da ruwa. Baƙar sanfefar nan ta ruwa kan faraima da kiliya (fenti marar launi mai sheƙi da ake fesawa a ƙarshe) ake sa ta, fila kuwa shan ruwa take kamar bulo. Na yi haka a madigadin baya, bokiti a gefe ina tsomawa ina gogawa don ƙura ta dame ni, aiki ya fito tas kowa na yabawa, damina na wucewa sai ga ƙuraje sun taso a wurin, na huda ɗaya da ƙusa ruwan tsatsa ya fito. Fila a bushe ake gugarta, ka sa takunkumi mai kyau ka haƙura da ƙurar, ba ƙyallen rawani ba don Allah, ƙurar nan ba ta ƙirji ba ce.

Sannan ka sani injin ba ya miƙar da jiki, santsi kawai yake sawa. Faifansa na da taushi, bin tudu da kwari yake yadda ya same su. Miƙewa sai da hannu, ka samu katako mai faɗi shafaffe kamar tsawon taku ɗaya ka naɗe shi da sanfefa, kana turawa a karkace dama da hagu kamar kana zana X. Dabarar da Baba ya koya mani, ka ɗan fesa baƙin fentin gwangwani sama-sama a kan faraima kamar yayyafi, in ya bushe ka bi da katakon, duk inda baƙi ya rage to rami ne, inda ƙarfe ya fara leƙowa tudu ne. Kan layukan jiki da bakin ƙofa kuwa kar ka kai injin, daƙiƙa biyu ya cinye wurin. Kuma kada ka danne shi ko ka kafa gefensa, ka ɗora shi a shimfiɗe kafin ka kunna, nauyinsa ya isa.

Sanfefa mai arha asara ce, ƙwayar na zubewa ko ta toshe da fila tun ba ka je ko'ina ba, 3M ko Norton ko Mirka in ka samu ta gaske ɗaya tana yin aikin da yawa daga cikin waɗancan, amma jabu sun yi yawa, ka lanƙwasa ta ka murza da yatsa a shagon, in yashi ya zubo ka aje masu abarsu. Ka duba ramukan faifan su dace da na injinka, na 125mm yawanci takwas ne, ta nan yake zuƙe ƙura. Su P1500 da P2000 na bayan kiliya ne kafin folish, kar ka saye su yanzu, da sauran tafiya.

Lokacin zafin nan namu na Maris da Afrilu fila na kamawa kafin ka gama shafawa, ka riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan a inuwa, da hunturu kuma ƙura ce matsalar, guga ba laifi amma feshi sai ka yayyafa ruwa a ƙasa ka kewaye wurin. Ka fara da murfin but ko ka sayo tsohuwar ƙofa wajen 'yan gwangwan ka koya a kanta. In ka tashi ka turo hoton inda ya lotsa da inda tsatsa ta ci, musamman ƙasan ƙofofi da bakin taya, don in ta huda to maganar walda ce tukuna kafin a zo kan sanfefa.