Likita na amsa tambayoyinku: lafiyar sojan sama

Tambaya: Likita, ni makaniken jiragen soja ne a sansanin Agadas, na zo hutu gida Maraɗi. Kunnena yana ƙara kamar kukan gyare, musamman da dare, kuma cikin taro sai an maimaita mini magana. Akwai magani?

Amsa: Sannu ƙanena. Ƙarar inji ce ta fara taɓa can cikin kunnenka. A wurin akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi, su ke karɓar sauti su miƙa wa jijiya. Ƙara mai tsanani tana kashe su, wanda ya mutu kuma ba ya sake tsirowa. Iyakar da aka sa wa ma'aikaci ita ce desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa 8, alhali injin jirgi, ga wanda ke tsaye kusa da shi, yana iya haura 120. Siririn sauti ne ke fara ɓacewa, shi ya sa kake jin murya sarai amma kalmomin na cakuɗe maka idan da hayaniya.

Ba zan ɓoye maka ba, babu allura ko ƙwaya da ke maido abin da ya tafi, kuma kada ka yarda a ɗiga maka ruwan albasa ko wani mai. Abin da ya rage shi za mu tsare. Auduga ba ta tare komai. Nemi abin toshe kunne na soso, ka murza shi ya yi siriri, ka ja kunnen sama da ɗaya hannun, ka tura shi ciki, ka riƙe har ya kumbura. Sannan ka ɗora babban marufin kunne a kai. Da ka koma aiki, ka nemi likitan sansani ya yi maka awon ji, a ajiye takardar don a gwada da ta baɗi. Abin da ke ci mini rai shi ne matasa da yawa suna rataye marufin a wuya saboda zafi.

Tambaya: Ɗana yana son shiga sojan sama, amma awon jini ya nuna shi AS ne, wato yana ɗauke da gadon sikila ta ɓangare ɗaya. Wata ta ce mu yi shiru kawai. Ni uwa ce daga Tibiri.

Amsa: Hajiya, don Allah kada ku yi shiru. Mai AS ba maras lafiya ba ne, yawancinsu har tsufa ba sa ganin komai. Sai dai idan aka haura mita 3,000 iskar da jini ke buƙata tana raguwa, kuma a irin wannan hali jinin mai AS yana iya toshewa a saifa. Haka nan gudun horo cikin ranar Afrilu, zafi ya wuce digiri 40, ga ƙishirwa, yana iya kayar da shi. Ya kai takardar awon da hannunsa, likitocin soja su yanke aikin da ya dace da shi. Ba kowane sojan sama ne ke tuƙa jirgi ba.

Tambaya: Maigidana yana cikin masu tashi da jirgi. Idan mura ta kama shi sai ya sayi ƙwaya wajen mai tebur ya tafi aiki.

Amsa: Baiwar Allah, kin yi daidai da kika damu. Mura tana toshe ƴar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro, lokacin sauka sai iska ta matse dodon kunne, ciwo mai tsanani, wani lokaci har ya fashe. Maganin mura kuma da yawansa yana sa gyangyaɗi. Tramol ya fi muni, don yana iya jawo farfaɗiya. Ya gaya wa likitansu, a dakatar da shi daga tashi har hancin ya buɗe.

Tambaya: Ba na bambanta ja da kore sosai. Tabarau zai gyara?

Amsa: A'a ɗana, yawanci gado ne ta wajen uwa, tabarau ba ya warkar da shi. Fitilar fiffiken jirgi na hagu ja ce, ta dama kore, saboda haka tuƙi zai yi wuya a ba ka. Je ka wurin likitan ido a gwada ka da katin Ishihara, wato katin gwajin ganin launi, kafin ka kashe kuɗin takardu.