Shin ɗalibi yana bukatar malami mai ja masa gora?

Ƙanena, ka ce ka shiga shekara ta biyu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi, kana karatun aikin gona, kuma kana tambaya ko kusantar wani malami yana da amfani ko kuwa neman suna ne kawai, kamar yadda abokanka suke faɗa.

A ganina yana da amfani ƙwarai. Tsarin LMD (wato lisansi, masta, dakta) da jami'o'in Nijar suke bi ya ba lisansi, wato digiri na farko, shekara 3, masta 2, dakta 3, kuma tun daga masta ba za ka kare kundin bincikenka ba sai da malamin da ya amince ya duba shi. Malamin da ya san ka tun kana lisansi shi ne zai gaya maka ko batun da ka zaɓa, misali ƙwarin da ke ɓata wake a rumbu, zai yiwu da lokaci da kuɗin da kake da su. Shi ne kuma zai iya haɗa ka da masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar Nijar, a Tarna kusa da Maradi, idan lokacin sitaj, wato koyon aiki a aikace, ya zo, ya rubuta maka takardar shaida idan kana neman tallafin karatu.

Amma kada ka je masa hannu rabbana, domin malamai suna fama da ɗalibai masu yawa. Ka karanta abin da ya koyar, ka rubuta tambaya ɗaya takamaimai, sannan ka nemi ya ba ka lokaci a ofishinsa.