Sabuwar likitar dabbobi: in kama aiki, ko in fara da shekarar sanin makamar aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Bana na kammala karatun likitan dabbobi, har na karɓi lasisi. Burina in yi aiki a asibitin karnuka da kyanwoyi, in Allah ya yarda nan gaba in ƙware a tiyata. Yanzu hanya biyu ce a gabana. Wani ƙaramin asibiti ya ba ni aiki da cikakken albashi. Wani babban asibiti kuma yana ɗaukar sababbin likitoci horon shekara guda, albashi kaɗan, aikin dare da yawa. Wasu na ce mini ɓata lokaci ne, wasu na cewa wanda bai yi ba ya yi asara. Gaskiya ina tsoron a bar ni ni kaɗai da dabba a kan tebur. Wanne kuke ganin ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da kammalawa, Allah ya sa albarka. Tsoron nan da kike ji ba aibi ba ne. Sabon likitan da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba ya jin tsoron komai.

Tunda kin ambaci tiyata, bari in fara daga nan, don a nan amsar ta fi sauƙi. Idan da gaske kike son zama ƙwararriyar likitar tiyata mai takardar shaida, to shekarar nan kusan dole ce. A Amurka da Turai tsanin a bayyane yake: bayan digiri a yi shekara 1 ana zagaya sassan asibiti, sannan a nemi gurbin horon ƙwarewa, wanda galibi shekara 3 ne a ƙarƙashin ƙwararru, da kundin da ake rubuta duk aikin da aka yi, da binciken da za a wallafa, daga ƙarshe a zauna jarabawar kwalejin fannin. Masu tiyata a Amurka suna da kwalejinsu, ACVS, tun 1965, na Turai suna da ECVS, hukumar EBVS kuma ita ke sa ido kan kwalejojin Turai gaba ɗaya. Ƙa'idojinsu kan yarda a karɓi wasu shekarun aiki a madadin shekarar zagayen, amma gurbin tiyata ana rububinsa sosai, har ya zama da yawa sai sun ƙara wata shekarar a sashen tiyata kaɗai kafin a ɗauke su. Wanda ya zo ba da ko ɗaya ba, da wuya a kai ga takardarsa.

Amma idan abin da kike so shi ne ki zama ƙwararriyar likitar yau da kullum, mai duba dabba da kyau, mai yin fiɗiya da cire mahaifa da ɗinkin rauni ba tare da hannunta ya yi rawa ba, to maganar ta canza. Likitocin mutane a ƙasashe da yawa ba sa samun cikakken lasisi sai sun yi irin wannan shekara. Mu likitocin dabbobi a yawancin wurare ba haka ba ne, a Amurka ma zaɓi ne ba wajibi ba. Abin da kike saya da ragin albashin nan abu ɗaya ne tak: idon wanda ya fi ki sani a kan aikinki. In akwai wannan idon, shekarar ta biya kuɗinta. In babu, an dai sami likita mai arha ne an sa mata suna mai daɗi.

Ga abin da nake nufi. Ƙarfe 2 na dare aka kawo muzuru, mai shi ya ce kwana biyu yana ta tsugunawa yana yunƙuri ba abin da ke fita, yau kuma ya fara amai, ya kwanta. Kin taɓa cikinsa kin ji mafitsara ta yi tauri ta cika tam. A makaranta kin karanta wannan, kin san hanyar fitsari ce ta toshe, hannunki na ƙaiƙayin ɗauko robar fitsari. Sai ƙwararriyar da ke tsaye bayanki ta ce, "Tukuna, nawa zuciyarsa ke bugawa?" Kin ƙirga kin samu 100 a minti. Kyanwar da aka kawo asibiti a tsorace ya kamata zuciyarta ta haura 160, don haka wannan jinkirin alama ce ta cewa sinadarin fotasiyam ya taru a jini tun da ƙoda ta kasa fitar da shi. Ki ba shi allurar barci a haka, zuciyar na iya tsayawa kafin robar ta shiga. Sai a fara sa masa allura a jijiya, a ɗaura ruwa, a haɗa na'urar bugun zuciya, a ba da kalsiyam gulukonet a hankali don ya kare zuciya, in ta kama a bi da insulin da gulukos don su kora fotasiyam cikin ƙwayoyin jiki. Bayan nan ne ake zancen roba. Duk wannan yana cikin littafi, amma wanne za a fara, wanne zai jira, da yadda za ki riƙe hankalinki alhali mai dabbar na tsaye yana kallonki, wannan sai a gefen wani ake koyonsa.

Haka kyanwar da ta zo tana haki, baki buɗe. Sabon likita zai so ɗaukar hoton ƙirji nan take don ya san me ke faruwa, kuma danne ta a kan teburin hoto ya isa ya ƙarasa ta. Wanda ya daɗe zai sa ta cikin akwatin iskar oksijin, ya rage hayaniya, ya ɗora sikanin a ƙirjinta tana zaune, in ya ga ruwa ya zuƙe shi da allura tun kafin a yi maganar hoto. Babban asibiti yana nuna miki irin waɗannan a mako ɗaya abin da ƙaramin asibiti zai yi watanni bai gani ba: katon kare da tumbinsa ya kumbura ya murɗe, karyar da mahaifarta ta cika da mugunya, 'yan kwikwiyon da cutar fabo ta tsiyaye da amai da zawon jini, kyanwar da aka ba farasitamol ko aka ɗiga mata maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin. Ranar da zuciya ta tsaya kuwa, ba lokacin buɗe littafi. Ƙa'idojin farfaɗo da dabba na RECOVER da suka fito a 2012 aka sabunta a 2024 sun ce a danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, a sauya mai dannawa kowane minti 2, a hura numfashi 10 a minti idan an sa bututu a maƙogwaro. Sanin adadin daban, iya jagorantar mutum huɗu su yi shi tare ba ruɗewa daban.

To ga inda ake yaudarar sababbin likitoci. Sunan shirin ba ya tabbatar da komai. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, AVMA, ta fitar da jagora kan yadda ya kamata horon ya kasance, amma jagora ce, ba doka ba, kuma ba a wajabta wa kowane asibiti a zo a tantance shirinsa kafin ya tallata ba. Saboda haka za ki ga asibiti biyu da talla iri ɗaya, a ɗaya kullum da safe ana zagayen marasa lafiya ana tambayarki dalilin kowane magani da kika rubuta, a ɗayan kuma ke ce mai gadin sashen gaggawa daga magariba zuwa asuba, ƙwararrun sai dai ki ga sunansu a jikin ƙofa.

Hanyar ganewa ba ta wuce tambaya ba, kuma kada ki tsaya ga shugaban shirin. Ki ce a haɗa ki da waɗanda ke cikin horon yanzu da waɗanda suka gama bara, ki yi magana da su ba a gaban kowa ba. Asibitin da ya yi ta kwana-kwana a kan wannan buƙatar ya riga ya ba ki amsa. Ki tambaye su, da dare wa ke cikin ginin, kuma in an kira babban likita a waya yana ɗauka ko sai an sha faɗa? Daga cikin makonni 52, nawa ne a sashen gaggawa ba kowa a kanki, nawa ne tare da ƙwararru? A ɗakin tiyata, ana ba ki wuƙa ko aikinki riƙe ƙarfe da kallo? Na bara su nawa suka nemi gurbin ƙwarewa, su nawa suka samu? Akwai wanda ya ajiye aikin a tsakiya, me ya sa? Tambayar da na fi so ita ce: in an yi kuskure, me ke biyo baya? Inda ake zama a warware abin da ya faru don kada ya sake faruwa, nan ake koyo. Inda ake tozarta mutum a gaban ma'aikatan jinya, abin da ake koyo shi ne ɓoye kuskure, kuma wannan ɗabi'ar tana bin likita har tsufansa.

Ki san kuma akwai abin da shekarar ba ta bayarwa. Mutane na mamaki in na faɗi haka, amma wanda ya yi shekara a babban asibitin da ake turo masa manyan matsaloli yana iya fitowa bai cire mahaifa da hannunsa sau da yawa ba, don manyan ayyukan na masu horon ƙwarewa ne, ƙananan kuma ba nan ake kawo su ba. Takwararsa da ta kama aiki a ƙaramin asibiti tuni hannunta ya faɗa a kan fiɗiya, cire haƙori, ciwon kunne, ƙaiƙayin fata da rigakafi, waɗanda su ne abincin sana'ar kullum. Ita ce kuma ta fi sanin yadda ake aiki in babu manyan na'urori, da yadda ake zama da mai dabbar da kuɗinsa bai kai ba a nemo abin da zai yiwu. Wannan ba ƙaramin ilimi ba ne.

Sai batun jiki da aljihu. Awa 60 ko fiye a mako ba baƙon abu ba ne a irin wannan horo, albashin kuma a Amurka sau da yawa ba ya kai rabin na wanda ya kama aiki kai tsaye. In akwai bashin makaranta a kanki ko mutanen da ke jiran hannunki, ki zauna da biro da takarda tun kafin ki sa hannu. Rashin barci kuma ba jarumta ba ce. Likitar da ta kwana biyu ido biyu ita ce ke rubuta 10 a inda ya kamata ta rubuta 1.0, kuma a jikin kyanwa mai kilo 3 wannan ɗigon shi ne rai. Ki nemi a rubuta miki ranakun hutu da yawan dararen aiki a cikin yarjejeniya, alkawarin baki ba ya tsayawa in ma'aikata sun yi ƙaranci.

Ƙaramin asibitin da ya ba ki aiki ma ki auna shi da wannan ma'aunin. Likita nawa ne a wurin? Za a bar ki ke kaɗai a watan farko? Wa zai wanke hannu ya shigo in jijiyar ƙwan mace ta kuɓuce miki jini ya fara taruwa a ciki? Birtaniya ta gane muhimmancin wannan, shi ya sa daga 2021 hukumarsu ta likitocin dabbobi, RCVS, ta wajabta wa sababbin likitoci shirin VetGDP, inda dole wurin aiki ya ba mutum mai ba da shawara da aka horar, wanda zai riƙa duba aikinsa yana zama da shi. Ko a inda ba a yi irin wannan dokar ba, ba abin da ya hana ki roƙi makamancinsa: a ware lokaci kowane mako a duba dabbobin da kika gani, a tsawaita miki lokacin ganin kowace dabba a farkon zuwa. Kuma ƙofar ƙarin ilimi ba ta rufe wa mai aiki ba. RCVS tana da takardar CertAVP da ake yi kashi-kashi ana cikin aiki, a Amurka akwai takardar ƙwarewa ta hukumar ABVP, a Ostireliya da Niyuzilan akwai jarabawar zama mamba ta kwalejinsu, ANZCVS.

Idan kina hangen Amurka ko Kanada, yawancin guraben horon ta tsarin VIRMP ake raba su, wanda wata ƙungiyar likitocin dabbobi mai suna AAVC ke gudanarwa. Ki jera asibitocin da kike so daga na farko zuwa na ƙarshe, su ma su jera masu nema, kwamfuta ta haɗa. Abu biyu ki kiyaye. Ki jera su bisa son ranki na gaskiya, ba bisa hasashen wa zai ɗauke ki ba, don tsarin ba ya cutar da wanda ya sa babban buri a sama. Sannan kada ki saka wurin da ba za ki iya zama a cikinsa ba, domin in aka haɗa ku alkawari ya ɗauru. Wasiƙun shaida daga likitocin da suka ga aikinki da idonsu suna da nauyi ƙwarai, sun fi wasiƙar babban farfesan da bai san fuskarki ba. Wanda ya yi digiri a makarantar da AVMA ba ta tantance ba, cikakken lasisi a Amurka yana bi ta shirin tantance digiri na ECFVG ko PAVE da jarabawar lasisi ta NAVLE, kuma sharuɗɗa sun bambanta daga jiha zuwa jiha, ga batun biza. A Birtaniya ma akwai jarabawar shiga rajista ta RCVS ga wanda ba a amince da digirinsa kai tsaye ba. Waɗannan suna cin lokaci, a fara su da wuri.

A naki halin, tunda tiyata na ranki kuma kin ce kina tsoron kaɗaici a gaban tebur, ni na fi karkata ga shekarar horon, da sharaɗin waɗanda ke ciki yanzu su tabbatar miki akwai babba a kusa da dare kuma ana barin sababbi su riƙe wuƙa. In amsarsu ta zo da inda-inda, ki karɓi aikin ƙaramin asibitin, ki sa a rubuta miki sunan likitan da zai riƙa duba aikinki, ki buɗe kundi tun ranar farko kina rubuta kowace tiyata da kika yi da yadda ta ƙare, sannan ki sake neman gurbi a wani asibitin baɗi. Masu ɗauka ba sa ƙin wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu yana aiki, kundin nan kuma shi za ki ajiye a gabansu ranar ganawa.