An auna ɗiyata an tafi ba a ba mu komai ba, mene ne amfanin awon?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita, ya aiki, ya jama'a? Ni uwa ce, a Gwadabawa nake aure. Kwanakin baya wasu mata biyu suka shigo gidanmu, namijinsu ya tsaya zaure tare da yaron mai unguwa. Sun tsallake gidajen maƙwabta, namu suka shigo. Suka naɗa wa ɗiyata 'yar wata 14 wani tef mai launi uku a damtse, suka ɗora mu a sikeli, suka kwantar da ita a kan allo, suka danna mata ƙafa, suka tambaye ni duk abin da ta ci jiya, har gishirin miya suka ce in ɗebo. Komai suna sawa cikin waya. Ɗaya ta ce tef ya nuna ruwan ɗorawa, in kai ta asibiti, suka fita ko sabulu ba su ba mu ba. Uwar mijina ta ce sunayenmu suke tarawa su karɓi kuɗi wurin Turawa. Maƙwabciyata kuma ta ce na yi wauta, da na ce kwana biyu ba mu ɗora tukunya ba, da an sa mu cikin masu tallafi. Don Allah mene ne amfanin wannan awon, kuma me ruwan ɗorawar ke nufi?

Amsa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana ita. Bari in fara da ruwan ɗorawar, don ita ce ba ta jira.

Wannan tef ana auna kaurin damtsen yaro da shi, daga ɗan wata 6 zuwa wanda bai cika shekara 5 ba, a tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. In ya kai santimita 12.5 ko ya wuce, kore ne. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, ruwan ɗorawa. Ƙasa da 11.5 kuwa ja ne, tamowa mai tsanani ke nan. Ɗiyarki tana tsakiya: ta rame, tamowa ta fara kama ta, amma ba ta yi nisa ba. Abin da ke tsakaninta da ja bai wuce santimita ɗaya ba, kuma zawo na 'yan kwanaki ko zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda na iya cinye wannan santimitar. Ki kai ta cibiyar lafiya ta mazaɓarku cikin makon nan, kada ki ce sai ta kwanta. Danna ƙafar da suka yi kumburi suke nema. Ana danna bayan ƙafafun biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, in aka ɗaga wurin ya lotsa bai dawo ba, to yaron yana cikin haɗari ko da tef ya nuna kore, don ruwa ne ya cika jikin ba tsoka ba. Tunda ba su ce miki komai a kan wannan ba, alama ce ba su gani ba.

To, su wa ye, kuma don me suka tsallake maƙwabta?

Awon yara kashi biyu ne, kuma yawancin rashin fahimtar daga haɗa su yake tasowa. Akwai tantancewa, wadda ake bin kowane yaro a unguwa ko a layin asibiti don a gano mara lafiya a yi masa magani. Irinta ce ake yi a makon lafiyar uwa da yara sau biyu a shekara, lokacin da ake ɗiga wa yara bitamin A a baki, a ba su maganin tsutsar ciki. Akwai kuma bincike, wanda ba wani yaro guda ake nema ba, halin yaran yankin gaba ɗaya ake son sani. Yadda kika kwatanta, allo da sikeli da gishiri da tsallake gidaje, masu bincike ne suka zo muku.

Ba za a iya auna kowane yaro a ƙananan hukumomi 23 na jihar Sakkwato cikin 'yan makonni ba, don haka ake ɗaukar samfuri. Mai sayen gero a kasuwar Achida ba ya zazzage buhu, hannu yake zurawa ya ɗebo, kuma ba daga sama kaɗai ba, don ya san a nan mai kaya ke zuba mai kyau. Haka ake zaɓen garuruwa da ƙuri'a, a cikin kowane gari a jera gidaje a sake jefa ƙuri'a. Da za a bar wa mai unguwa zaɓi, ko dai ya kai su gidajen masu hali don kare martabar gari, ko ya kai su gidajen da suka fi kowa talauci don jawo tallafi, kuma duka biyun ƙarya za su haifar. Gidanku ƙuri'a ce ta faɗa masa, ba wanda ya kai ƙararku.

Kowane awo da abin da yake faɗa. Nauyi in aka gwada shi da tsayi yana nuna rama, wato abin da ya sami yaro cikin makonnin nan. Shi ya sa aka fara ɗora ki ke kaɗai, aka mayar da sikelin sifiri, sannan aka miƙo miki ita, don a sami nauyinta tsantsa ba tare da ta yi ta zillo ba. Tsayi in aka gwada shi da shekaru yana nuna tsumburewa, wadda ba ta kwana ɗaya ba ce: tarin ƙarancin abinci mai gina jiki ne da yawan ciwo tun yaro na ciki har ya cika shekara biyu, kwana 1,000 na farko. Yaron da bai kai shekara biyu ba a kwance ake auna shi, shi ne allon da kika gani. Tsumburewa ta fi rama wuyar ganewa da ido, musamman inda yawancin yaran unguwa gajeru ne, sai kowa ya ce ai haka jinin gidan yake. Nan ma ina yawan jin ana cewa ma'aunin na 'ya'yan Turawa ne. Ba haka ba ne. Ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 an gina shi ne da yaran ƙasashe shida, Ghana da Indiya da Oman da Barazil da Norway da Amurka, kuma abin da aka gani shi ne yaran da suka sha nono, suka ci da kyau, suka sami kulawa, girmansu a shekarun farko kusan ɗaya ne ko ina aka haife su.

Abin da ya fi wahalar da mu a ƙauyukanmu shi ne shekarun yaro. Ke kin san taki wata 14 take, amma iyaye da yawa ba su da takardar haihuwa ko katin rigakafi. Sai a zauna da uwa ana lalube: kafin azumi ne ko bayan Babbar Sallah? An yi shuka ko ana girbi? Lokacin sanyi ne? Ba ɓata lokaci ba ne. In aka rubuta ɗan wata 14 a matsayin ɗan wata 24, sai lissafi ya nuna ya tsumbure alhali lafiyarsa lau.

Tambayar abin da ta ci jiya kuwa, ba ƙoshi ake aunawa ba. Akwai rukunin abinci takwas: nonon uwa, hatsi da su doya da dankali, wake da gyaɗa, madara da nonon shanu, nama da kifi, ƙwai, ganye da kayan marmari masu bitamin A irin su zogale, kabewa da mangwaro, sai sauran ganye da 'ya'yan itace. Ana son yaro ɗan wata 6 zuwa 23 ya sami aƙalla biyar a yini. Koko da safe, fura da rana, tuwo da dare, duk gero ne, rukuni ɗaya. Gishirin kuma ɗigo ɗaya na wani ruwa ake sa masa, in ya rine ya yi shuɗi akwai sinadarin aidin a ciki, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo da dakushe ƙwaƙwalwar yaro.

Ina duk wannan ke zuwa? Ga misali. Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, amma a Arewa maso Yamma kashi 57 ne, wato fiye da rabi. Ya kuma nuna kashi 68 na ƙananan yara da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Ba daga ofis aka zauna aka ƙirƙiro waɗannan ba, daga tsakar gida irin naku aka tattaro su. Shi wannan babban binciken kusan duk shekara biyar ake yin sa, shi ya sa ake yin ƙanana a tsakani, waɗanda suka fi mai da hankali kan rama, don ita tana hawa da sauka da yanayi. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, in ramammun yara suka kai kashi 15 cikin 100 a yanki, lamari ya kai matakin da ya fi kowane muni. Ana haɗa wannan da rahoton wata-wata na asibitoci, da farashin hatsi da na dabbobi a kasuwanni, da yadda damina ta kasance, a zauna sau biyu a shekara, wajen Maris da kuma Oktoba ko Nuwamba, a yi hasashen inda yunwa za ta fi cizo daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, ga zawo ga sauro. Madarar tamowa, wannan haɗin gyaɗa da garin madara da mai da sukari da bitamin da ke cikin 'yar leda, ba a samun ta rana ɗaya. Watanni kafin damina ake ƙiyasta katan nawa kowace ƙaramar hukuma za ta buƙata, kuma da waɗannan alƙaluman ake ƙiyasin.

Don haka maganar Inna, uwar mijinki, ba ta rasa tushe gaba ɗaya ba. Gaskiya ne alƙaluma na jawo kuɗi, daga gwamnati da daga masu ba da agaji. Amma adadi ne ke tafiya, ba suna ba. Kafin a fara lissafi ake cire sunaye, gidanku ya koma lamba. Kuma ni ban ga laifin mai zargi ba. Shekara da shekaru ana shiga gidajen mutane ana auna 'ya'yansu, amma da wuya a dawo a tara uban ƙasa da hakimai da iyaye a ce ga abin da muka samu a garinku, ga abin da za a yi. Wannan gazawarmu ce mu ma'aikata da hukumomi, ba ta iyaye ba. Wani lokaci ma rahoto ya fito sarai, amma uwa ta je asibiti a ce mata kaya sun ƙare. Akwai kuma giɓin da ya fi damuna: ƙauyukan da rashin tsaro ya hana shiga, irin wasu sassan Isa da Sabon Birni, su ne ake tsallakewa a bincike, alhali a nan aka fi hana mutane noma. Ke nan adadin da ake bugawa na iya zama ƙasa da gaskiyar abin da ke ƙasa.

Haƙƙinki ne su nuna katin shaidarsu, su yi miki bayani, su nemi yardarki, kuma kina iya cewa a'a. Duk wanda ya nemi kuɗi ko lambar asusun banki da sunan awon yara, ba mai bincike ba ne, a sanar da mai unguwa.

Shawarar maƙwabciyarki kuwa ba ta da riba ko ta sisi, don babu wani jerin masu tallafi da ake rubutawa a irin wannan aikin. Ɓarna kawai za ta yi. In kowa ya ce ba a ɗora tukunya ba, sai a ɗauka hatsi ne babu, alhali a gidaje da yawa akwai gero, matsalar ita ce kunun yaro tsararo ne ba gyaɗa ba wake, ko ruwan sha ne ke sa shi zawo. Sai a kawo maganin da ba na ciwon ba. Ni ma a ganina kishiyar wannan ta fi yawa a wurinmu: uwa ta ji kunyar baƙi, don rufin asirin maigida ta ce an ci nama da ƙwai. Wannan ita ke ɓoye yankin da ke buƙatar taimako.

Mu koma kan yarinyar. A asibiti za a sake auna ta, a duba zazzaɓi, zawo, ƙarancin jini da katin rigakafinta. Kada ranki ya ɓaci in ba a ba ki madarar tamowa ba, galibi ta masu ja da masu kumburi ce, kuma magani ce, ba a raba ta da yayye ba a sayar da ita. Ki ci gaba da ba ta nono har shekara biyu, ko da ciki ya shiga kada a yi mata yayen dare ɗaya a kai ta wurin kaka, a nan yara da yawa ke faɗawa ja. Ki dama mata kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali, da garin gyaɗa ko soyayyen waken suya da ɗan mai. Ki sa mata dakakken busasshen kifi, ƙwai in an samu, wake, zogale ko alayyafo a miya. Sau uku zuwa huɗu a yini, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kuma a kwanonta ita kaɗai, don a kwanon taro manya ke cinyewa. In ta ƙi nono da abinci, ko ƙafafu suka kumbura, ko jikinta ya saki, ko zawo da amai suka ƙi tsayawa, wannan na ranar ne, ba na gobe ba. Ki riƙa leƙa bakinta kuma. Dasashi mai jini da wari ko gyambo a cikin kumatu a jikin ramammen yaro na iya zama farkon cutar noma mai zaizaye baki da fuska, wadda muke da asibitinta na musamman a nan cikin Sakkwato tun 1999, kuma da wuri maganin ƙwayoyin cuta na tsayar da ita.

In kin je, ki tambaya ko suna ba iyaye mata tef ɗin, don a wurare da dama ana koya musu awon da kansu. In kin samu, ki auna ta duk mako biyu a hannun hagu, hannun a sake, tef ɗin ba matsewa ba sako-sako, ki sa a rubuta miki lambar a bayan katinta ki riƙa zuwa da shi.