GCC ya tsaya min a libgcc, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ina so in gina GCC, wato kompailan da ke juya kod na C zuwa firogiram, da kaina a Linux saboda in riƙa rubuta firogiram na firosesan ARM, na sa --target=arm-none-eabi, yana cikin tafiya sai ya tsaya a libgcc ya rubuta "cannot compute suffix of object files". Sau uku ina sakewa wallahi abu ɗaya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kusan na tabbata ba ka fara gina binutils ba. Mutane da yawa suna ɗauka GCC shi kaɗai ke yin komai, alhali shi aikinsa ya juya C ɗinka zuwa asembli ne, daga nan ya miƙa wa asembla wato as ya mayar da shi fayil mai .o, sannan linka wato ld ya haɗe su su zama firogiram guda, kuma as da ld duk a cikin binutils suke ba a GCC ba. Binutils ɗin da ke kan kwamfutarka na firosesan x86 ne, bai san yaren ARM ba, shi ya sa da aka zo libgcc, ƙaramin laburaren da GCC ke dogaro da shi, wato wurin farko da sabon kompailan zai fitar da kod na ARM, sai komai ya tsaya. Leƙa config.log na cikin foldar libgcc za ka ga ainihin kukan da yake yi.

To ka fara da binutils, ka ba shi --target da --prefix (foldar da za a girka shi a ciki) iri ɗaya sak da waɗanda za ka ba GCC, ka yi make install, ka saka foldar bin ɗinsa a PATH, wato jerin foldojin da sistem ke neman firogiram a ciki. Don Allah kar ka sa prefix ya zama /usr, kana iya taka kayan da sistem ɗinka ke dogaro da su. Sannan a cikin foldar GCC ka kunna contrib/download_prerequisites ya sauko maka da GMP da MPFR da MPC, laburaren lissafi da GCC ke buƙata, ka buɗe sabuwar folda daban a waje ka yi configure a can, da --without-headers tunda babu laburaren C tukuna, sai make all-gcc da make all-target-libgcc.

Akwai masu zuba sassan binutils, wato gas (shi ne as) da ld da bfd da opcodes, cikin foldar GCC su gina lokaci guda, yana yi kam, amma GCC da binutils suna da foldar include da ta libiberty kowa tasa, in bashon (version) ɗinsu ya yi nisa da juna za ka sha wahalar da ba ta da dalili. Ni dai ban ba mai farawa shawarar haka ba.

In ka gama ka buga arm-none-eabi-gcc -print-prog-name=as, in ya nuna maka hanyar da ke cikin prefix ɗinka to ya kama as ɗin ARM da ka gina.