Na sa wa masu sito ƙararrawa da baki kawai, in an yi sata wa zai biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni mai haɗa sola ne a wani ƙauye kusa da Gumel. Na sa wa masu sito 9 ƙararrawa mai layin waya. Da an taɓa ƙofa sai ta kira ni, ni kuma in kira mai sito da 'yan banga. Kowa na ba ni naira 5,000 a wata, ba mu rubuta komai ba. Shekaranjiya sabis ya ɗauke tun magariba har asuba. Da an kwashe wa wani riɗi a daren, wa zai biya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya rufa maka asiri a wannan daren, amma kada ka jira na biyu.

Rashin takarda bai soke ciniki ba. Yarjejeniyar baki tana aiki a dokar Najeriya, tana aiki a kotun shari'ar Musulunci. Tunda kana karɓar kuɗi duk wata, akwai alkawari a wuyanka. Abin da ke damuna shi ne, wane alkawari? Kai a ranka kira kake sayarwa. Alhaji mai sito kuwa a ransa gadi ya saya. Ranar da ya tarar da kwaɗo a karye, buhuna sun tafi, zai tuna ka taɓa cewa "ka kwantar da hankalinka, ba abin da zai faru," kuma masu shayin da ke wurin za su shaida. Sai ka ga mai karɓar 5,000 ana binsa miliyoyi.

A mazhabar Malikiyya mai gadi amintacce ne, ba a ɗora masa biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. To amma batirin da ya mutu ba ka canza ba, layin da kati ya ƙare masa, wayarka da ke caji a wani ɗaki kana barci, duk za a iya kiransu sakaci. Ɗaukewar sabis ba laifinka ba ne, sai dai za a tambaye ka: da ka lura, ka sanar da masu kaya?

Akwai kuma zargi. Kai ka san inda waya ta bi, kai ka san daren da na'ura ba ta aiki, kai za a fara nunawa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, amma da an sa kalmar haɗa baki ko cin amana, magana ta sauya.

Ka kula da wata iyaka. Kiran 'yan banga daban, ɗaukar yara ka riƙa tura su sintiri kana biyansu daban. Wannan ya zama aikin kamfanin gadi, dokar 1986 ta ce sai da rajista da lasisi, kuma Sibil Difens ke sa ido a kai.

Mafita ita ce ku rubuta yarjejeniyar a takarda. Takardar ba sai ta wuce shafi ɗaya ba, kuma a rubuta ta da Hausa. A faɗi cewa aikinka kira ne, ba ka lamunci kaya ba. A sa sunayen waɗanda za ka kira, wa ke sayen kati da batir, me za a yi in sabis ya ɗauke ko kuɗin wata ya makara, da iyakar abin da za ka biya in kuskuren naka ne. Wanda bai iya boko ba a karanta masa gaban shaidu biyu, a rubuta cewa an karanta, ya dangwala. In wani ya ce rashin yarda ne, tuna masa aya ta 282 a Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta yi umarni a rubuta bashi.

Saƙonnin WhatsApp da shaidar tura kuɗi kada ka goge, kotu na karɓarsu. Ka kuma sami littafi kana rubuta ranar da ka gwada kowace na'ura. Ka zagaya su 9 ɗin a makon nan, tun sitoci ba su cika da amfanin kaka ba.